'Yar Saudatu

A bazarar 1976 Landan ta yi zafin da ko tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Ciyawar lambuna ta ƙone ƙurmus, Turawa suka tuɓe riguna suka baje a kanta kamar an shanya su, direbobin bas kuwa ko gaisuwa ka yi musu sai su harare ka. Luba, wadda ta tashi a Gusau, ba zafi ne ya hana ta zama wuri ɗaya ba. Abu biyu ne suka sa ta gaba: wata faffaɗar takarda da ta manna a bangon ɗakinta a Camberwell, da mahaifiyarta da ke kwance a wani asibitin kuɗi a Marylebone.

Bari mu fara da takardar. Gwamnati ce ta turo Luba karatun adabi, a shekarun nan da kuɗin fetur ya yi ambaliya har duk wanda ya iya riƙe biro aka cusa shi a jirgi. A zangon ƙarshe malamarsu, wata tsohuwar Baturiya da ake kira Dokta Pennifold, ta ɗora musu wani daɗaɗɗen labarin fadar Japan da aka fassara da Turanci, mai kaurin bulo, ta ce kowa ya zano nasabar mutanen ciki: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya riƙi ɗan wa.

'Yan aji suka yi ta kuka da aikin, kuma suna da gaskiya. Mutanen littafin ba a kiran su da suna. Namiji da muƙaminsa ake ambatonsa. Yau shi ne shugaban dogarai, bayan shafi hamsin an ɗaga shi ya zama mashawarci, kafin ka farga ya zama waziri, wani yaro kuma ya gaji tsohon muƙamin, sai ka wayi gari ka aura wa mutum surukarsa a takarda. Mata kuwa da wurin zamansu ake sanin su: Ta Barandar Gabas, Ta Bakin Tafki, Ta Lambun Gora. Kullum suna bayan asabari, ba a ganin fuskarsu, magana ma sai ta bakin kuyanga. Iyakar abin da baƙo zai samu shi ne bakin hannun riga da ya leƙo ta ƙarƙashi. Luba dai ba ta ga abin tayar da hankali ba. A gidan da ta tashi, wa yake kiran sunan wa? Goggo Saudatu, wadda ta riƙe ta, ta shekara talatin da aure, ko a mafarki ba ta taɓa furta sunan mijinta ba.

Wata rana a aji, can kusa da Aldwych, tagogi a buɗe ƙarar motoci na shigowa, gardama ta kaure kan wata yarinya a cikin labarin. Yayar waziri ce ta riƙe ta, an san waziri ne ubanta, amma littafin bai taɓa fitowa fili ya faɗi wadda ta haife ta ba. Wani ya ce Ta Barandar Gabas ce, don ita ke aika mata da mataji da turare. Wata ta ce Ta Bakin Tafki, don ta yi kuka ranar da aka yi wa yarinyar bikin girma.

Luba ta ce, "Ta Lambun Gora ce."

Dokta Pennifold ta sauke gilashinta. "Hujja?"

"Duk matan fadar suna yabon yarinyar. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ambatonta ba. Sau uku aka kawo ta ɓangarensu, sau uku tana tashi ta bar wurin."

Wani dogon saurayi mai gemu ya yi dariya ya ce ai wannan ƙiyayya ce a fili. Luba ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo kasuwa bayan an watse. Ta ce, "Wanda kake ƙi, kana iya zama ka ci abinci da shi. A garinmu mace ba ta kallon ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, in an shigo da shi sai ta kau da kai. Kunya ce."

Tsohuwar ta juya biro, sannan ta ce, "Ki ja layin, ki kare shi a rubuce. Ina so in karanta."

Luba ta koma Camberwell a bas mai lamba 68, ta tsaya gaban takardar da jan biro a hannu, ta kasa ja. Sati biyu ke nan. Kowane layi ya hau, aure da baƙi, haihuwa da ja, riƙo da ɗigo-ɗigo, sai wannan guda ɗaya tsakanin Ta Lambun Gora da yarinyar, fili fetal. Dalilin ba boyayye ba ne: Luba ita ce 'yar farin Hajiya Yelwa. Ana yaye ta Goggo Saudatu, yayar mahaifinta, ta zo Kano ta goya ta zuwa Gusau. Da salla ake kai ta gida ta yi gaisuwa, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, ina kwana," Hajiya ta amsa wa bango. Ƙannenta su Almu ana ƙwala musu kira har maƙwabta su ji, ana zagin su, ana taɓa goshinsu in sun yi zazzaɓi. Ita kuwa sunanta a bakin uwarta shekara ashirin da uku bai wuce "yarinyar nan" ko "'yar Saudatu" ba. Ta san al'ada ce. Ta iya tsayawa gaban Turawa ta yi bayaninta tiryan-tiryan. Amma sanin bai taɓa rage mata ciwon ba, kuma a can ƙasan ranta tana tsoron kada dogon nan mai gemu ya fi ta gaskiya.

Ana cikin haka mahaifinta, Alhaji Abdulƙadir, ya iso da Hajiya. Likitocin Kano sun ga ƙari a cikinta, shi kuma kwangilar siminti ta buɗe masa, ya ce matarsa sai Landan. Ranar Litinin aka kwantar da ita. Babbar nas ta ɓangaren, wata Baturiya siririya mai agogo a ƙirji, ta zo da fom, Luba ce tafinta tunda Alhaji ya fita neman tarho. Suna, shekaru, addini, abin da ba ta ci. Can sai matar ta nuna Luba da biro ta ce, "Wannan budurwar fa, mece ce ɗinta?"

Amsar tana bakin Luba, kalma ɗaya ce. Amma shaiɗan ya raɗa mata wani abu. Nan ba Kano ba ce, babu surukai, babu maƙwabta, babu wanda ke jin Hausa sai su biyu. Ta juya ta ce, "Hajiya, wai tana tambaya, ni wace ce a wurinki?"

Hajiya Yelwa ta gyara mayafinta, ta dubi taga. "Ki ce mata 'yar Saudatu ce."

Luba ta dube ta. To, shi ke nan, tunda haka ake so. Ta juya ga babbar nas ta faɗa mata da Turanci mai kyau, daidai wa daida, cewa ita 'yar yayar mijin Hajiya ce. Matar ta rubuta. Luba ta ji wani ɗan daɗi mai ɗaci, kamar ta rama. Washegari Alhaji ya tashi zuwa Hamburg duba jiragen siminti, ya ce ranar Asabar zai dawo, tunda sai Litinin mai zuwa za a yi aikin.

Ranar Alhamis da azahar Luba ta iso asibitin da kwanon farfesu a jaka, babbar nas ta tare ta a bakin matakala. Sakamakon gwaji ya fito, likita ya ce ba za a jira Litinin ba, gobe da safe za a shiga da ita, kuma aikin babba ne. Daga yanzu mara lafiya na bukatar hutu, ba mai shiga wurinta sai miji ko 'ya'ya.

"Ni 'yarta ce," in ji Luba.

Matar ta buɗe fayil ta juyo mata da shi, ta ɗora farce a kan layin. "Da bakinki kika faɗa mini wannan ranar Litinin. Yau kuma kin zo da wata magana. Wacce zan ɗauka?" Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma wannan ya fi ƙona rai. Luba ta fara bayanin al'ada, ta ji kanta tana kame-kame, yaye, riƙo, kunya, duk abin da ya fito sumul a aji yanzu ya zama kamar ƙaryar yara. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yi haƙuri, ta rufe fayil.

Luba ta fito titi ba ta san inda ta nufa ba. Ta shiga akwatin tarho, wanda ya yi zafi kamar tanda, ta yi ta zuba kwabbai har ta samu otal ɗin Hamburg, aka ce Alhaji yana tashar jiragen ruwa, ba a san lokacin dawowarsa ba. Ta fito. Ta bi Baker Street har ƙarshe, ta shiga lambu ta zauna a benci, ko minti biyu ba ta yi ba ta miƙe. Ta sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da niyyar zuwa Camberwell ta ɗauko fasfo, tana kan dandamali ta tuna sunan uba kawai ke ciki, ba zai nuna wadda ta haife ta ba. Jirgi ya zo, ya buɗe, ya rufe, ya tafi. Ta hau sama. Farfesun ya fara tsami a jaka, tana jin warinsa, ta kasa zubarwa. Abin da ke yawo a kanta guda ne: in aka shiga da Hajiya gobe ba ta fito ba, maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninsu ita ce ta ranar Litinin, kuma ita da kanta ta fassara ta ta sa aka rubuta.

Sau uku tana wuce ƙofar asibitin. A na huɗu wata murya ta ce da Hausa, "Ke, 'yar'uwa, za ki huda musu titi fa."

Chundung ce, wata nas 'yar Jos, gajera mai faɗin fuska, wadda ke aiki a babban asibitin Camberwell, ranakun hutunta kuma ta zo nan ta ƙara da na wucin gadi. Tana tsaye a ƙofar gefe tana fifita da jarida. Ita ce ke yi wa Hajiya wanka tun Talata, har sun saba. Luba ta zayyana mata komai, ba ta ɓoye nata laifin ba.

Chundung ta riƙe haɓa. "Kai, ku Hausawa! Uwa ta yi kunya, 'ya ta yi fushi, Baturiya ta rubuta. Ni da na ga fom ɗin na yi zaton haka ne, wallahi, don ko kallonki ba ta yi." Ta naɗe jaridar. "Bari in yi trying. Zan ce wa Sista ta sake tambayar Mama da kanta, ni in yi interpreting, ke ba kya ciki. In Mama ta ce ke 'yarta ce, an gama, za a yi changing fom ɗin."

"In kuma ta sake cewa 'yar Saudatu?"

"To, ni abin da ta faɗa shi zan faɗa. Ba zan yi ƙarya in rasa aikina ba."

Nan Luba ta gane cewa duk yawon da ta sha tun azahar, wannan tambayar take gudu. Ta kusa cewa a bari. Ta haɗiye, ta ce, "Mu je."

Babbar nas ta yarda, da sharaɗin Luba ta zauna a bencin da ke ƙarshen baranda. Saboda zafi duk ƙofofin ɗakunan a buɗe suke, an gitta wa kowace wani labule mai ƙafafun taya, koren yadi da aka ɗaure a jikin ƙarfe, wanda bai kai ƙasa ba da kamar taƙi ɗaya. Babbar nas da Chundung suka kewaya bayan na ɗakin Hajiya suka shige. Luba ta zauna. Ta tashi. Ta je taga ta dawo. Ta cire jakar daga kafaɗa ta ajiye, ta sake ɗauka. Daga nan ƙafafunta suka yanke shawara ba tare da ita ba, ta tsinci kanta tsaye dab da koren labulen, tana riƙe numfashi.

Ta ji babbar nas ta yi tambayar, ta ji Chundung ta juya ta. "Mama, wai yarinyar nan da ke kawo miki abinci, ke kika haife ta?"

Sai ƙarar fanka.

"Wannan Baturiya ba ta da kunya ne?" in ji Hajiya.

Chundung ba ta fassara wannan ba. Ta sassauta murya. "Mama, ki ji ni da kyau. In ba ki faɗa ba, ba za su bar ta ta shigo ba. Yau ba za ta gan ki ba, gobe da safe ma haka, har a shiga da ke. Tun azahar take zagaye gidan nan a cikin rana."

Luba ta fara ja da baya. Sannan muryar ta fito, ƙasa-ƙasa, a bushe, kamar mai ba da labarin wasu mutane.

"Ki ce mata ranar Talata ce, da damina, a ɗakin uwata a Ɗambatta. Kwana biyu ina naƙuda, ina 'yar shekara goma sha bakwai. Ta fito da gashi cike da kai. Wata ashirin da biyu tana bayana. Ranar da Saudatu ta zo da sabon zane ta goya ta, na shiga madafa na zauna, da aka tambaye ni na ce hayaƙi ne."

Chundung tana juyawa da Turanci. Hajiya ba ta jira ta gama ba.

"Ƙyanda ta kama ta tana shekara huɗu, ba a faɗa mini ba sai da ta warke, na yi wata ban yi wa Alhaji magana ba. Kayan sallarta duk ni nake ɗinkawa, in ba direba ya kai Gusau, Saudatu ta ce ita ta saya. Ba na auna ta. In ta zo gaisuwa ta juya za ta fita, sai in dube ta ta baya, in ƙara yatsa biyu saboda baɗi."

Luba ta dafe ƙarfen labulen. Rigunan nan! Kowace shekara suna zauna mata cif, har ƙawaye na tambayar telan, alhali Goggo Saudatu ko hular jariri ta saya sai ta yi wa yaro yawa. Shekara da shekaru tana saka amsar a jikinta tana yawo da ita, tana neman ta a fuskar matar da ba za ta taɓa ɗagowa ba. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, da wani farin ciki mai zafi da bai bar ta ta yi numfashi ba.

Babbar nas ta yi gyaran murya. Ta ce ta gamsu, amma doka ce mara lafiya ta faɗi cikakken sunan wanda za a rubuta.

"Mama, saura suna," in ji Chundung. "Sunanta kawai."

"Wannan kuma a'a."

"Mama, don Allah."

"Ki tambaye ta mana, ai tana da baki. Ga ƙafarta can a ƙarƙashin labule, tun ɗazu take tsaye. Ta hagun, mai tabon kwalbar da ta taka a bikin sunan Almu."

Luba ta dubi ƙasa. Takalmi silifa ne a ƙafarta saboda zafi, ga tabon nan fari a gefen babban yatsa, wanda ita kanta ta manta da shi. Ranar da ta taka kwalbar gidan cike yake da mata, kowa ya taso a kanta, Hajiya kaɗai ce ta ci gaba da tankaɗe ba ta waiwayo ba.

Chundung ta faɗa wa babbar nas abin da aka ce. Baturiyar ta ɗaga murya ta ce wadda ke bayan labule ta faɗi sunanta.

"Lubabatu," in ji Luba. Ta sake. "Lubabatu Abdulƙadir."

Babbar nas ta tambaya ko mara lafiya ta tabbatar. Chundung ta juya tambayar.

"Shi ne," in ji Hajiya Yelwa. "Ni na zaɓa."

Aka ji ƙarar biro yana soke layi. Chundung ta turo labulen gefe, tayoyinsa na ƙara, idanunta jawur, ta yi wa Luba alama da kai. Kafin Luba ta taka ciki Hajiya ta riga ta juya fuskarta bango, ta ja mayafi har kunne. Ta rame ƙwarai, kafaɗarta ta fito a ƙarƙashin zanen asibiti. Hannunta ɗaya ne a waje, a kan katifa, ta gefen da kujera take.

Luba ta tsaya a tsakiyar ɗakin da jakar farfesu a kafaɗa, ta rasa ta inda za ta fara.

"Chundung," in ji Hajiya, tana magana da bango, "ki ce wa 'yar Saudatu ta zauna. Tsayuwar ta isa haka."

Luba ta ja kujerar har ta taɓa gadon, ta zauna.